Maɓalli, Kunnen Gwaggo Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin da ke bayan tashar mota ya san gidan Gwaggo Tela. Ƙofar ƙarfe ce mai koren fenti, in ka shiga ga ɗan tsakar gida da igiyar shanya, sai ɗaki can ƙurya inda kekenta yake kafe a jikin taga. Ba gwaggon kowa ba ce a layin, amma kowa haka yake kiranta, har waɗanda suka girme ta.

Tana da shekara goma sha tara ta fara taka keke, a hannun wata maƙwabciyarsu mafaɗaciya wadda takan farke riga gaba ɗaya don zare ɗaya ya karkace. Ita ma halin da ta ɗauko ke nan. Da keken nan ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da shi ta tsaya wa 'yarta tilo har ta zama nas a babban asibiti, ta yi aure ta tare a wani bene a ɗaya gefen gari. Gwaggo ta rage ita kaɗai a gidan, kuma ba ta taɓa kiran zaman nata kaɗaici ba, don daga safe har yamma mata ne ke shige da fice da yadi a hammata.

Kunnen nata bai tafi lokaci ɗaya ba. Da farko ta daina jin agogon bango, ta ce batir ne. Daga baya ta fara mitar cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in za su yi magana. Ranar da ta taka keke ta ji shi a tafin ƙafarta amma ba ta ji shi a kunne ba, ranar ta yarda ta bi 'yarta asibiti. Likita ya ce jijiyar ji ce ta mutu. Aka ba ta ɗan abin maƙalawa a kunne, ta gwada shi kwana huɗu, ta ce ba abin da take ji sai kamar ruwan sama a kan kwano. Ta jefa shi cikin durowa.

Ba ta zauna kuka ba. Ta koyi kallon baki, ta ce idon da yake gane faɗin kafaɗar mutum ba tare da awo ba, leɓe ba zai gagare shi ba. In mutum ya fuskance ta ya yi magana a hankali tana ɗauka tsaf. In ta kakare sai ta miƙa masa allin tela ya rubuta a kan tebur.

Ƙofa ce ta gagare ta. In ta rufe, masu ɗinki su buga har hannu ya yi zafi, su yi zaton ba ta nan, su wuce wajen wani. In ta bari a buɗe, ba ta sanin wanda ya shigo sai ta ga inuwa a kanta. Wata rana da tsakar rana ta goge rigunan makaranta shida ta rataye a igiya, ta koma kan keke. Da ta ɗago kai igiya ce kawai ke lilo. Wani ya shigo ya kwashe su tas, tana zaune taku goma daga wajen.

Kwana biyu ta yi tana sake ɗinka rigunan. A rana ta uku 'yarta ta zo, ko rigar aiki ba ta cire ba, ta zauna a gabanta ta kama hannunta don ta dube ta.

"Mama, yau riguna ne, gobe ban san mene ne ba. Ki haɗa kayanki ki dawo wajenmu."

"Keken fa? Hawa uku zan hau da shi a ka?"

"Kin yi ɗinkin duniya, Mama. Ki huta haka nan."

"In huta in yi me? In zauna ina ƙirga motoci ta taga?"

Suka ja, suka ja, ƙarshe 'yar ta ce ta ba ta wata uku ta kammala ɗinkin mutanen da ke hannunta. Ranar da suka cika za ta zo da motar kwasar kaya.

Gwaggo tana da ƙane, kafinta ne, shi ne autansu, kuma ko da furfura ta cika masa gemu Auta take kiransa. Bayan kwana biyar sai ga shi da kwali a rungume. Ya ajiye a tsakar gida, ya tsaya inda za ta ga bakinsa.

"Yaya, ga kunne na kawo miki."

Ta leƙa. Ɗan kwikwiyo ne ruwan ƙasa, ciki tulu, ƙafafu kamar na aro, da baƙin ɗigo guda a tsakiyar goshi. Wata karya ce ta haihu a ƙarƙashin katakai a shagonsa.

"In an buga ƙofa zai yi haushi," in ji Auta.

"Kai Auta, girma ya zo hankali ya tsaya a hanya. Ni da ba zan ji haushinsa ba? Sai dai in ji haushinka. Ɗauke abinka."

Ya ce ta riƙe masa kwana biyu kafin ya sami mai so. Ta san ƙarya yake yi, tun yana yaro in zai yi ƙarya sai ya sosa ƙeya. Amma ta zuba wa kwikwiyon ruwa a murfin tsohuwar tukunya.

Washegari tana ɗinki ta ɗan kalli taga. Kwikwiyon yana kwance a inuwa, sai ta ga kunnuwansa sun miƙe, ya juya kai wajen ƙofa. Ta tsai da keke, ta je ta buɗe. Ga wata mata ta juya za ta tafi, da leda cike da yadi.

Gwaggo ta auna matar, ta sallame ta, ta dawo ta tsaya a kan kwikwiyon ta daɗe tana kallonsa. Da yamma ta aika wa Auta saƙo a waya cewa ya daina neman mai so. Ta raɗa masa suna Maɓalli saboda ɗigon nan na goshi.

Ita ba ta taɓa kiwon ko kaza ba, amma ta san aiki ba ya yiwuwa da ka. Ta sa shi a kwali ta kai shi wajen likitan dabbobi. Aka yi masa allurar rigakafi, aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka ba ta kati mai ranakun dawowa. Likitan ya rubuta mata abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, ya ja layi biyu a ƙarƙashin ƙashin kaza. Auta ya haɗa masa ɗan ɗaki na katako da rufin guntun kwano, ita kuma ta ɗinka masa katifa da ragowar ƙyallaye, ta yi mata kalmasa kamar ta mutum. Kwanonsa daban, bahon wankansa daban. Kowace Asabar ta ɗaura tsohon zane ta wanke shi, ta bi kunnuwa da tsakanin yatsu tana cire kaska.

Doka biyu ta kafa tun ranar farko. Ba zai shiga ɗaki ba, kuma ba zai lashe ta ba, don hannun da ke taɓa kayan mutane ba ya haɗuwa da yawun kare. Ta ja layi da alli a bakin ƙofar ɗakin. In ya tsallaka ta ɗauke shi ta mayar, ba duka ba tsawa. In ya tsaya a bayan layi ta jefa masa ɗan busasshen kifi daga aljihun rigar aikinta. Da yake ba ta jin muryarta, wani lokaci takan ƙwala magana har ya firgita, don haka ta koma yi masa da hannu. Tafin hannu ƙasa, ya zauna. Yatsa ɗaya sama, ya tsaya. In ta bugi cinya, ya zo. Cikin sati biyu maƙwabta suka fara cewa karen Gwaggo ya fi wasu yaran layin jin magana.

Sai dai kallon kunnen kare da ɗinki ba sa tafiya tare. Sau biyu allura tana shiga yatsarta saboda idonta yana taga. Tana cikin neman dabara sai Maɓalli ya yi mata ɓarna. Iska ta yar da rigar leshin wata mata daga igiya, kafin Gwaggo ta ankara ya tauna hannun rigar ya yi kaca-kaca da shi. Ta fito da katakon awo a hannu. Ta ɗaga. Shi kuwa ya lafe a ƙasa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafu yana kallonta. Ta sauke hannu, ta koma ɗaki ta zauna. Yini guda ta yi tana yawon kasuwa kafin ta sami irin leshin, ta sake hannun, ta kuma faɗa wa mai rigar gaskiya.

Da ta kai ƙara wajen likitan dabbobi dariya ya yi. Ya rubuta mata cewa haƙora ne ke masa ƙaiƙayi, ta ba shi abin taunawa nasa na kansa. Ta dawo ta tufka guntayen yadi ta yi masa igiya mai kauri da ƙulli a baki. Maɓalli ya haukace a kan igiyar nan. In ta riƙe gefe ɗaya ya kama ɗayan ya yi ta ja da baya yana girgiza kai. Suna cikin wannan wasan ne wata safiya dabarar ta faɗo mata, har ta saki igiyar ya faɗi zaune.

Ta kira Auta ya zo da guduma da zobban ƙarfe. Ya kafa zobban a jikin bango daga bakin ƙofar ɗakin, ya bi da su ta saman taga har daidai kan keke. Suka zura doguwar igiya. A ƙarshenta na waje suka ɗaura abin wasan Maɓalli, a na ciki ta ɗaura jan ƙyalle yana reto a gaban idonta. In aka ja daga waje, ƙyallen ya yi tsalle.

Saura a haɗa bugun ƙofa da jan igiya a kan kare, kuma nan ne aikin yake. Ita ba ta jin bugun, to yaya za ta san lokacin ba da lada? Da farko Auta yakan tsaya daga ciki ya buga tana ganinsa, ita kuma ta nuna wa Maɓalli igiya. In ya ja, kifi. Da ya gane wannan sai Auta ya koma waje. Ya soke hularsa a kan sanda, in zai buga sai ya ɗaga ta sama da ƙofa don ta hango daga taga. Kullum da hantsi ya rufe shago ya zo ya yi wannan na rabin awa. Mutanen layi suka riƙa tsayawa kallon dattijo yana buga ƙofar yayarsa yana ɗaga hula a kan sanda, ba ya shiga. Mai shagon kusa ya taɓa jan shi gefe ya tambaye shi ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Auta. "Makaranta muke yi. Ni ne ƙararrawa."

A sati na uku Maɓalli ya fara ja da kansa ba sai an nuna masa ba. Gwaggo ta yi murna har ta ƙara masa kan kifi guda. Ashe murnar ta yi wuri. Kwana biyu bayan haka ƙyalle ya yi tsalle, ta jefa masa kifi, ta je ta buɗe, ba kowa. Ta dawo ta zauna, ƙyalle ya sake tsalle. Ba kowa. Sau bakwai ta tashi a yinin nan. A na bakwai ta juyo ta same shi zaune a gindin igiya yana kaɗa wutsiya, ido a kan aljihunta.

"Au, haka ne?" ta ce. "Ni ka mayar 'yar aikenka?"

Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kare ya gama makaranta ya buɗe tasa. Ita kuwa ta gane laifinta ne, tana biya kafin ta ga kaya. Ta sauya tsari. In ƙyalle ya motsa sai su tafi ƙofa tare. In da mutum, a gaban mutumin za ta ba shi kifi ta shafa kansa. In babu, ta juya masa baya ta koma ɗaki, ko kallo bai ishe ta ba. Wannan juya bayan ya fi masa duka ciwo, sai ya kwanta a bakin layin alli yana sauke numfashi. Kwana tara aka yi ana wannan ja-in-ja, daga nan ƙaryar ta ƙare.

Da ta ga hanya ta buɗe sai ta ƙara masa biyu: ƙarar waya, da fito na butar shayi, wadda ta sha ƙonewa a kan wuta tun da kunnen ya tafi. Waɗannan ba su ɗauki lokaci ba. Yakan ja igiya, in ta fito ya ruga ya tsaya a wajen abin da ya yi ƙara.

Duk wannan 'yarta ba ta sani ba, don Gwaggo ta hana Auta faɗa. Ta dai san an kawo kare, kuma ta ce shirme ne irin na Kawu.

Ranar da wata uku suka cika ta iso da safe, ita da mijinta da motar kwasar kaya. Tana da makullin gidan, amma ta ce wa mijin ya tsaya ya gani, za ta buga sau goma ba za a buɗe ba, don kada Mama ta ce an yi mata fin ƙarfi. Ta sa yatsa ɗaya ta ƙwanƙwasa a hankali. Kafin ta sauke hannu sosai ƙofa ta buɗe. Ga Gwaggo da tef a wuya, ga kare zaune a gefenta.

"Sannunku da zuwa. Ku shigo mana, kun tsaya kamar baƙi."

'Yar ta dubi mijinta, ta dubi uwar. "Kawu ne ya gaya miki muna hanya."

"To koma ki sake."

'Yar ta koma waje. Wannan karon ta yi minti goma a tsaye ba ta taɓa ƙofar ba, mijin yana ciki yana kallo. Keke yana ta aiki, kare yana kwance. Tana bugawa ya zabura ya cafki igiya, jan ƙyalle ya yi tsalle a kan keke. Ta sa direban motar ya gwada, haka. Ta kira wayar uwar daga waje, Maɓalli ya ja igiya ya je ya tsaya a gindin tagar da wayar take. Surukin da kansa ya ɗora buta a wuta, yana cewa shi dai yau sai ya ga ƙarshen abin nan. Buta ta yi fito, kare ya yi aikinsa, surukin ya tafa hannu kamar a filin ƙwallo.

'Yar ba ta sallama nan take ba, nas ce. Ta tsaya a gaban uwar ta ce, "Allurarsa fa? In ya ciji wani?"

Gwaggo ta buɗe durowa ta miƙa mata kati a cikin leda, kowane layi da sa hannun likita. 'Yar ta karanta har ƙasa. Sai ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ba a san kuka take yi ko dariya ba. Da ta ɗago ta ce, "Mama, kin fi ƙarfina."

"Tun yaushe," in ji Gwaggo. "Sallami mai motar nan, ya tare wa masu ɗinki hanya."

Labarin bai tsaya a layin ba. 'Yar ta riƙa ba da shi a asibiti, har ya kai sashen masu ciwon kunne. Bayan wata biyar sai ga ta da wata matashiya, kurma ce tun haihuwa, da jariri ɗan wata biyu a kafaɗa. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya. Tun da ta haihu ba ta taɓa ajiye yaron ta juya baya ba, don in ya yi kuka ba za ta sani ba. Da shi take girki, da shi take wanki, in za ta yi wanka sai ta jawo shi bakin ƙofa ta bar ta a buɗe. Idanunta duk sun faɗa.

Gwaggo ba ta iya maganar hannu irin ta makarantar kurame ba, yarinyar kuma ba ta kallon baki sosai. Amma suka zauna a benci ɗaya, da nuni da alli da zane a kan tebur, cikin awa guda sun fahimci juna fiye da yadda nas ɗin ta zata. Auta ya samo wata 'yar kwikwiya mai natsuwa. Aka ɗauki kukan jaririn a waya. Sau uku a sati yarinyar takan zo, a kunna kukan a ɓoye wayar a wani lungu, a koya wa kwikwiyar ta zo ta dafa ƙafar uwar ɗakinta sannan ta ruga wajen kukan. Gwaggo ta hana a ba da kifi sai an isa wajen. Ta zana wa yarinyar kare da dogon hanci a kan tebur, ta nuna aljihun kifi, ta girgiza yatsa, wato kada ta yarda kare ya yi mata wayo, suka yi ta dariya.

Wata biyu da rabi aka yi. Wata Talata da hantsi saƙon bidiyo ya shigo wayar Gwaggo, mijin yarinyar ne ya ɗauka. Ga ta a tsakar gidansu tana shanya, hannu biyu a sake, bayanta ba kowa. Sai ga karyar ta fito da gudu ta dafa mata ƙafa, ta juya. Yarinyar ta bi ta ɗaki, ta fito da yaron yana ta wutsil-wutsil da baki a buɗe. Ta dubi mai ɗaukar hoton, ta ɗaga yaron sama, bakinta har kunne.

Gwaggo ta kalla sau uku. Ta fita da wayar a hannu, ko mayafi ba ta gyara ba, ta bi layin shago-shago tana nuna wa mutane, tana magana da ƙarfin da ita ba ta san tana yi ba, har masu jiran mota a tasha suna waiwayowa. A shagon Auta ta ƙare. Ya ajiye zarto ya kalla, ya share ido da bayan hannu ya ce garin katako ne ya shiga.

Yanzu gida huɗu ke nan da ta horar wa kare, na biyar wani tsohon malamin makaranta ne da yake zuwa da littafi yana rubuta duk abin da ta ce. In aka kira ta malamar karnuka takan ɓata rai ta ce ita tela ce, kuma duk mai son darasi ya zo bayan ƙarfe huɗu, don kafin nan ɗinkin mutane ne a gabanta.